Yadda Za Ka Bi Karatun Yahudawa Kan Fitar Bani Isra'ila Daga Bautar Masar

Duk wanda ya yi makarantar allo a Yamai ko a Tawa ya san labarin Annabi Musa (AS) da Fir'auna tun kafin hannunsa ya saba da alƙalami, domin babu annabin da Alƙur'ani ya yawaita ambaton sunansa kamarsa, kuma surorin Ƙasas da Ɗaha da Shu'ara'i da A'arafi duk sun kawo labarin. Abin da yawancinmu ba mu taɓa bincikawa ba shi ne yadda Yahudawa, waɗanda suke ɗaukar kansu jikokin mutanen da aka fitar ɗin, suke karanta wannan labari a nasu littafin: wane yanki ake karantawa, a wace rana, kuma me ake so ya zauna a zuciyar mai sauraro. Na shafe lokacin sanyi guda ina bin wannan karatu tare da abokai huɗu, uku Musulmi ɗaya Kirista, muna haɗuwa a ƙofar gidana a Yamai bayan sallar isha'i, butar shayi tana kan gawayi. Hanyar da muka ga ta fi amfani ita ce zan shimfiɗa a nan.

Kafin komai, Musulmin da zai shiga wannan karatu ya kamata ya san matsayinsa, don kada ya yi ta ɗari-ɗari har ya kasa fahimtar abin da yake gabansa. A cikin Sahihul Buhari akwai hadisin da ya ba da izinin ɗauko labari daga Bani Isra'ila, akwai kuma wanda ya ce kada a gaskata ma'abota littafi kuma kada a ƙaryata su. Manufar karatun ita ce ka san abin da mutanen suke faɗa da bakinsu, domin wanda ya ji magana daga mai ita ya fi wanda ya tsince ta a kasuwa.

Abin da za ka tanada

Labarin yana cikin littafi na biyu daga littattafai biyar na Attaura. Yahudawa suna kiransa Shemot, wato sunaye, saboda da jerin sunayen ƴaƴan Annabi Yakubu ya buɗe, a fassarar Hausa kuma sunansa Fitowa, kuma babi 40 ne. Samun fassarar Hausa ba shi da wuya, tunda an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aka kuma sake fassara shi daga baya. Sai dai ka riƙe a ranka cewa Kiristoci ne suka yi wannan aikin, kuma akwai wuraren da fahimtarsu ta sha bamban da ta Yahudawa. Saboda haka ka haɗa da fassarar da ta fito daga hannun Yahudawa kansu. Mu da muka yi lakwal da Faransanci muna da sauƙi, domin akwai fassarar malaman Yahudawan Faransa da aka fara bugawa a 1899 ƙarƙashin jagorancin Zadoc Kahn, kuma ana samunta a intanet. Wanda ya fi ƙarfi a Larabci ya nemi fassarar Sa'adiya Ga'on, malamin da aka haifa a Fayyum ta ƙasar Masar, ya rasu a shekarar 942. Shafin Sefaria yana ɗauke da nassin Ibrananci tare da sharhin Rashi, malamin garin Troyes na Faransa da ya rayu daga 1040 zuwa 1105, wanda da sharhinsa ake fara koya wa yaran Yahudawa Attaura.

Abu biyu za su iya rikita ka tun daren farko. Lambobin ayoyi ba su daidaita ba a wasu wurare tsakanin bugun Yahudawa da na Kiristoci, misali ayoyi huɗu na farkon babi na 8 a yawancin bugun Kiristoci su ne ƙarshen babi na 7 a bugun Ibrananci, don haka idan ka nemi aya ka rasa, duba gaba kaɗan ko baya kaɗan. Na biyu, Yahudawa ba sa furta sunan Allah mai haruffa huɗu da yake rubuce a nassin, sai su ce Adonai a lokacin ibada, a hira kuma su ce Hashem, wato Sunan. Idan ka ga Ubangiji a fassara, sau da yawa wannan sunan ne aka sakaya.

Ka bi rabon da suka yi, kada ka yi naka

Yahudawa sun raba Attaura kashi 54, ana karanta kashi guda ko biyu kowace Asabar a majami'a har a sauke a shekara, ana kuma karanta farkon kashin a safiyar Litinin da Alhamis. Ana karantawa ne daga naɗaɗɗen littafin fata da aka rubuta da hannu, babu wasali a cikinsa, da rerawa irin tasu, mai karatu yana bin layi da ɗan sandan nuni don kada yatsa ya taɓa rubutun. Ranar Asabar mutum bakwai ake kira ɗaya bayan ɗaya. Kashi huɗu na farkon Fitowa su ne suka ɗauki labarin bauta da fita, kuma suna faɗowa ne tsakanin ƙarshen Disamba da farkon Fabrairu, daidai lokacin da hunturu yake kaɗawa a nan. Ka ba kowane kashi mako guda, ka karanta da ƙarfi, kuma in da hali kada ka karanta kai kaɗai, domin an tsara nassin ne don kunne.

Kashi na farko, Shemot, ya tashi daga 1:1 zuwa 6:1. Rai 70 ne suka shiga Masar, suka yaɗu, sai aka yi sabon sarki wanda bai san Yusufu ba, ya sa su gina biranen ajiya na Fitom da Ramses. Ka lura da waɗanda suka fara yi wa Fir'auna tawaye, domin duk mata ne: ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, waɗanda suka ƙi kashe jarirai maza, sai uwar Musa, sai yayarsa da ta tsaya daga nesa tana gadin kwandon, sai ƴar Fir'auna da ta ɗauke shi. An faɗi sunayen ungozomomin, amma daga farkon littafin har ƙarshensa ba a faɗi sunan sarkin ba.

A babi na 5 ka sassauta, ka karanta a hankali. Bayan Musa da Haruna sun je gaban Fir'auna, sai ya ba da umarni a daina ba bayin ciyawar da suke cuɗawa da laka, su nemo da kansu, amma kada adadin tubalin ya ragu ko da ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafki a bayan garin Tawa ya ga masu buga tubali ba ya bukatar sharhi a nan. Ya ga mutum cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa har gwiwa yana tattake ta da ramno, ya ga yadda tubalin da aka yi wa rowar ciyawa yake tsagewa kafin ya bushe, ya kuma san cewa tara ciyawar kaɗai aikin yini ne. Da muka kai wannan wuri, ɗaya daga cikinmu wanda mahaifinsa magini ne ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “Wannan sarki ya san aikin, shi ya sa muguntarsa ta yi daidai wurin da za ta yi ciwo.” Nassin ya ƙara da cewa shugabannin aiki daga cikin Isra'ilawa su aka riƙa duka idan lissafi bai cika ba, su kuma suka juya suka ɗora wa Musa laifi.

Kalmar da Bahaushe ya fi kowa kusa da ita

A nan ne nake ganin mai karatu da Hausa ya fi mai karatu da Faransanci sa'a. A Ibrananci, kalmar da aka yi amfani da ita don aikin wahalar da Fir'auna ya ɗora musu ita ce aboda, kuma ita ce dai kalmar da ake amfani da ita don yi wa Allah ibada. Tushenta ɗaya da na Larabcin da ya ba mu Abdu da ibada. Faransanci sau da yawa yakan raba ta gida biyu, ya ba aikin bawa kalma ɗaya, ya ba ibada wata, sai zaren ya tsinke. Hausa kuwa tana da bauta, wadda ta ɗauki ma'anonin biyu ba tare da an matsa mata ba. Saƙon da Musa ya riƙa maimaita wa Fir'auna shi ne ya saki mutanen Allah domin su bauta masa. Saboda haka ka ɗauki fensir, duk inda ka ga bauta ko bawa ko bayi ka ja layi, ka kuma tambayi kanka wa ake bauta wa a wannan ayar. Za ka ga littafin ya fara da mutane suna gina wa Fir'auna rumbuna bisa tilas, ya ƙare a babi na 35 zuwa na 40 da mutanen nan suna gina wurin ibada da kayan da suka kawo da son ransu, har sai da aka yi shela a daina kawowa don sun yi yawa. Wanda ya tsaya a tsallake teku ya rufe littafi ya karanta rabin magana ne.

Kashi na biyu, Wa'era, daga 6:2 zuwa 9:35, ya ƙunshi annoba bakwai: jini, kwaɗi, ƙwarƙwata, ta huɗu da ake kira arob, mutuwar dabbobi, marurai, da ƙanƙara. Wannan ta huɗun ita ce za ta nuna maka amfanin sharhin Yahudawa, domin fassarorin Kiristoci galibi sun ce ƙudaje ne, Rashi kuwa ya ce garwayen namun daji ne da macizai da kunamu. Ka kuma bi maganar taurin zuciyar Fir'auna annoba bayan annoba. A biyar na farko nassin yana cewa zuciyarsa ta taurare ko shi ya taurare ta, sai a ta shida, a 9:12, aka ce Ubangiji ya taurare ta. Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa da ya rasu a Masar a 1204, ya bayyana cewa Fir'auna ya fara zalunci ne da zaɓin kansa, har laifinsa ya kai inda aka rufe masa ƙofar tuba. Ɗalibin tafsiri zai tuna da bahasin malamanmu kan ayar rufe zukata a farkon Baƙara.

Kashi na uku, Bo, daga 10:1 zuwa 13:16, ya kawo fara da duhu da mutuwar ƴaƴan fari. Wanda ya ga farar da ta sauka wa gonakin jihar Tawa a 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 zai karanta 10:15 da wani irin ido, inda aka ce ba a bar ko ɗanyen ganye ɗaya a itace ko a gona ba. Babi na 12 shi ne zuciyar al'amarin ga Yahudawa, domin a nan labari ya koma umarni: a yanka ɗan rago ko ɗan akuya, a shafa jininsa a dogaran ƙofa, a gasa naman a ci da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci, a ci da ɗamara a ɗaure, takalmi a ƙafa, sanda a hannu. Nassin ya ce maza wajen 600,000 ne suka fita a ƙafa bayan zaman shekara 430, kuma tarin wasu mutane da ba Isra'ilawa ba sun bi su.

Kashi na huɗu, Beshalla, daga 13:17 zuwa 17:16, shi ne na tsallake teku, wanda Ibrananci ya kira Yam Suf, wato tekun iwa. Waƙar da Musa da jama'a suka rera a babi na 15 ana rubuta ta a littafin fata da tsari na musamman, layi bisa layi da gibi a tsakani kamar jerin tubali a bango, kuma a majami'u da yawa jama'a suna miƙewa tsaye idan an zo karanta ta. Kada ka tsaya a waƙar. Kwana uku kacal bayanta aka iso Mara, ruwan ya yi ɗaci, aka fara gunaguni, kuma kafin a yi nisa sai ga mutanen suna begen tukwanen naman Masar.

Karatun ranakun idi

Bayan ka gama makonni huɗu, sai ka sake bin labarin ta hanyar Idin Ƙetarewa, wanda suke kira Pesa. Yana farawa ranar 15 ga watan Nisan, kuma da yake ranarsu daga faɗuwar rana take farawa kamar tamu, daren 15 shi ne babban dare. Kalandarsu ta wata ce, amma suna ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, shi ya sa idin ba ya zagayawa kamar azuminmu, kullum a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu yake faɗowa, lokacin da zafin bazara yake kan ganiyarsa a Yamai. Kwana bakwai ake yi a Isra'ila, takwas a yawancin al'ummomin da suke waje.

Ranar farko ana karanta Fitowa 12:21 zuwa 51, a biyo da yanki daga littafin Joshuwa kan idin farko da aka yi bayan shiga ƙasar Kan'ana. Asabar ɗin da ta faɗo a tsakiyar idin ana karanta Fitowa 33:12 zuwa 34:26, tare da Ezekiyel 37, wahayin kwarin busassun ƙasusuwa da suka tashi da rai. Rana ta bakwai ana komawa tsallake teku, daga 13:17 zuwa 15:26, a haɗa da waƙar Annabi Dawuda ta 2 Sama'ila 22. Rana ta takwas ana karanta Maimaitawar Shari'a, littafi na biyar na Attaura, har zuwa 16:17, da Ishaya 10:32 zuwa 12:6. Duk lokacin da ka karanta yankin Attaura, ka karanta na annabawan da aka haɗa shi da shi nan take, sannan ka tambayi abokan karatunka dalilin haɗin, domin haɗin kansa tafsiri ne.

Karatun da ya fi tasiri a rayuwar Yahudawa kuwa a gida ake yinsa, a kan teburin cin abinci, daga ɗan littafin da ake kira Haggada, wato ba da labari. Sunan ya fito daga Fitowa 13:8, inda aka ce ka ba ɗanka labari a wannan rana. Tsarin daren, wanda ake kira Seder, an riga an zayyana ginshiƙansa a babi na 10 na sashen Pesahim na Mishna, wato tarin dokokin malaman Yahudawa, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Ana shan kofi huɗu na giyar inabi, wasu kuma ruwan inabin da bai tsimu ba suke sha. Ana cin gurasa marar yisti, da ganye mai ɗaci wanda Bahaushe zai kwatanta da shuwaka, da wani kwaɓi mai zaƙi na ƴaƴan itace da ake yi da kamannin lakar gini. Kai mai nazari ba sai ka shirya tebur ba, tunda ibadarsu ce, karanta littafin ya ishe ka.

Ka lura da wanda yake buɗe magana: ƙaramin yaron gidan ne, da tambayar me ya sa daren nan ya bambanta da sauran darare. Amsar kuma tana farawa da cewa mu bayi ne na Fir'auna a Masar. Ba a ce kakanninmu ba, domin Mishna ta ce wajibi ne a kowane zamani mutum ya ɗauki kansa kamar shi ne ya fito daga Masar. Daga nan aka kawo ƴaƴa huɗu, mai hikima da mugu da mai sauƙin kai da wanda bai ma san yadda ake tambaya ba, kowanne da irin amsar da ta dace da shi, na ƙarshen kuma aka ce kai za ka buɗe masa magana. Malamin makaranta zai daɗe a kan wannan shafi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne nassin da Haggada ta zaɓa ta yi wa sharhi kalma bayan kalma daga Maimaitawar Shari'a 26:5 zuwa 8 yake, ayoyin da manomi yake faɗa idan ya kawo nunan farin gonarsa, kuma da ƙyar za ka ga sunan Musa a littafin gaba ɗaya, domin ana so a jingina ceton ga Allah shi kaɗai. Idan aka zo lissafa annoba goma, kowa yana ɗige digo ɗaya daga kofinsa a kan kowace annoba, abin da da yawa suke fassarawa da cewa murna ba ta cika idan wasu sun halaka. Talmud ma, babban littafin sharhin malamansu a kan Mishna, ya kawo cewa mala'iku sun so su yi waƙa, sai Allah ya ce aikin hannuwansa suna nutsewa a teku, su kuma suna waƙa.

Kwatanci da Alƙur'ani ka bar shi sai ƙarshe, kuma ka yi shi a takarda mai gida biyu, don kada labaran su cakuɗe maka a ka. A Attaura ƴar Fir'auna ce ta ɗauki jaririn, a Suratul Ƙasas kuwa matarsa ce ta roƙa kada a kashe shi. Attaura ta lissafa annoba goma, Alƙur'ani ya ambaci ayoyi tara. Attaura ta jingina ƙera ɗan maraƙi ga Haruna, Suratu Ɗaha ta ce Samiri ne. Ka rubuta kowanne a gidansa. Idan wani ya tambaye ka wane Fir'auna ne, ka gaya masa cewa masana da yawa suna karkata ga Ramses na biyu, wanda ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), saboda sunan birnin Ramses, kuma rubutu mafi daɗewa a wajen littattafan addini da ya ambaci Isra'ila shi ne dutsen ɗansa Merneptah na wajen 1208, wanda aka tono a 1896, yake kuma ajiye a Alƙahira.

Zama na ƙarshe ka keɓe shi ga dokokin da aka gina a kan tunawa da bauta, domin a nan ake ganin abin da suka yi da labarin. Fitowa 23:9 ta hana zaluntar baƙo, da hujjar cewa kun san zuciyar baƙo tunda kun yi baƙunci a Masar. Maimaitawar Shari'a 5:14 da 15 ta ce hutun Asabar ya haɗa da bawa da baiwa, babi na 15 kuma, wanda ake karantawa a rana ta takwas idan ta faɗo Asabar, ya ce idan ka ƴanta bawa ɗan'uwanka a shekara ta bakwai kada ka sallame shi hannu wofi, ka ba shi daga garkenka da masussukarka. Gaskiya ta sa a faɗa cewa Attaura ba ta soke bauta ba, domin Littafin Firistoci, na uku a Attaura, a 25:44 zuwa 46 ya yarda a riƙe bayi daga wasu al'ummai har a gaje su, kuma bai kamata ka tsallake waɗannan ayoyi ba. Mu ma a nan maganar ba ta da nisa da mu. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bautar da mutum laifin da ake ɗaure mai shi shekara 10 zuwa 30, kuma a Oktoban 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ta zauna a Yamai ta yanke hukunci cewa ƙasa ta gaza kare wata mata ƴar jihar Tawa da aka sayar tana yarinya. A daren da muka karanta babi na 15, abokinmu ɗan Ƙonni ya nemi a maimaita ayar sallama da dukiya sau biyu, sannan muka shafe sauran daren muna lissafin abin da wanda aka ƴanta a karkararmu yake bukata a shekararsa ta farko: gona, iri, akuya biyu ko uku, da takardar haihuwar da za ta sa ƴaƴansa su shiga makaranta.